KAFIN MU SAYI KWAMFUTAR KOYON TUƘIN JIRGI, MU TUNA DA BAKOLORI

'Yan'uwa ɗalibai da samarin ma'aikata, musamman mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun, muna so mu yi magana a kan wani abu wanda da yawa daga cikin manyanmu za su ɗauka wasan yara ne, watau kwamfutar da ake kwaikwayon tuƙin jirgin sama da ita. Ra'ayinmu a kan wannan al'amari kashi biyu ne. Na fari, ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai da makarantunmu na ilmi mai zurfi su keɓe ɗaki guda don wannan aiki. Na biyu, in Allah Ya kawo kuɗin saye, a sayi matsakaita guda 3 ko 4 waɗanda wutarmu da zafinmu da ƙurarmu za su bari su yi shekaru, a kawar da kai daga ƙatuwa guda ɗaya wadda za a riƙa nuna wa baƙi. Kuɗin da za a kashe na harajin ƙungiya ne, wanda iyayenmu suka sayar da gero da shinkafa suka biya, saboda haka tilas a yi shawara tun kafin a kira ɗan kwangila.

Ko wasa ne?

Jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila guda 3 da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A shekarar 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, tana nan har yau tana horar da matuƙa, da injiniyoyi, da masu ba jirgi hanya daga hasumiya. Duk da haka, tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, shekara da shekaru alhazanmu mota suka riƙa shiga har Sakkwato kafin su ga ƙofar jirgi. A 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na Gusau. To, filin jirgi yana bukatar mutane: mai duba inji, mai karanta yanayi, mai tsara tafiya, mai magana da matuƙi ta rediyo. In 'ya'yan jihar ba su shirya ba, za a ɗauko ma'aikatan daga wani wuri, mu kuwa a bar mu da gadi da turin kaya. Masu magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na'urar kwaikwayon tuƙi kuwa tana da tsohon tarihi. Wani Ba'amurke, Edwin Link, shi ya ƙera ta farko mai amfani a 1929, da zugazugai da tarkacen da ya samu a masana'antar kayan kiɗa ta ubansa. Da farko ba wanda ya kula ta sai masu wuraren shaƙatawa, suna ba yara su hau. Sai a 1934, bayan matuƙan soja masu jigilar wasiƙu sun yi ta faɗuwa cikin hazo da duhu, rundunar Amurka ta sayi guda 6. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa fiye da 500,000 suka koyi tuƙi cikin duhu a wannan akwati. Ashe abin da aka raina a matsayin lilo shi ya zama makaranta.

Kada kuma mu yi wa kanmu ƙarya. Kwamfutar tebur ba ta mai da mutum matuƙi, sa'o'in da aka kwashe a gabanta kuma hukuma ba ta lissafa su wajen ba da lasin. Jikin mai zama a kujera ba ya jin girgizar iska, ba ya jin tsoron da ke zuwa sa'ad da ƙasa ta taso wa mutum. Abin da take koyarwa shi ne karatun agogunan jirgi, da lissafin iska da mai da nisa, da bin taswira, da irin Ingilishin da ake yi ta rediyo. Ɗalibi zai sa zafi ya kai awo 42 kamar na watan Afrilu, ya ga da idonsa yadda jirgi ke ƙara cin fili kafin ya tashi, domin iska mai zafi ba ta da kauri. Zai rufe sama da hazon hunturu, ya koyi dogara ga agogo sa'ad da ido ya daina amfani. Zai tashi daga Sakkwato ya bi gulbi har ya hango ruwan madatsar Bakolori. Fiziks da labarin ƙasa da ya haddace don jarrabawa sai su zama abin da ya taɓa da hannunsa.

Mun san akwai masu cewa, a ƙasar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu 2021, a ƙasar da manomi ke tsoron zuwa gonarsa, maganar jirgin kwamfuta rashin ta ido ce. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, abin da 'yan bindiga ke nema su kashe shi ne makaranta da burin yaro, kuma ba za mu taya su ba ta hanyar rufe kowace ƙofa sai ranar da lafiya ta samu. Amma nauyin wannan magana shi ne ya wajabta mana tsimi. Wanda ke kashe kuɗi a cikin mutane masu yunwa ba shi da damar ɓarnatar da ko kwabo.

Darasin da ke ƙofar gidanmu

Ba sai mun je nesa neman misali ba. An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, wani kamfani mai tushe a Italiya ya yi aikin, da nufin shayar da kadada 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Mafi yawan filin an shirya masa ban-ruwa na yayyafi, wanda ke bukatar famfuna da lantarki da kayan gyara daga ƙetare. Ba a shawarci manoman da za su yi aiki da shi yadda ya kamata ba, rikicin diyya kuma ya kai ga zubar da jinin talakawa a watan Afrilu 1980. Da shekaru suka tura, famfunan suka tsaya, bututu suka lalace, sashen da ruwa ke gangarawa da kansa ta magudana shi ya fi daɗewa yana amfani. Ƙarshenta, a ƙarƙashin wani shiri da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, aka koma ana mai da wani ɓangare na filin yayyafin zuwa na magudana.

Kwamfuta ba madatsar ruwa ba ce, amma cutar iri ɗaya ce: a sayo abin da ya fi kowane kyau a takardar talla, ba a tambayi wa zai ba shi wuta ba, wa zai gyara shi, ina za a sami kayansa. Don haka jerin da muke ba da shawara a bi ya saɓa wa na mai kanti. Shi daga katin hoto yake farawa, domin nan ribarsa take. Mu daga soket ya kamata mu fara.

Wuta, zafi da ƙura

Kowane wat na lantarki da kwamfuta ta sha, zafi yake zama a cikin ɗaki. Katin hoto na ƙasaita irin RTX 4090, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2022, shi kaɗai yana shan wat 450, kamfanin kuma ya ce a haɗa shi da akwatin wuta mai ƙarfin wat 850. Ƙaninsa RTX 4060, na 2023, wat 115 yake sha. In aka haɗa wannan ƙaramin da ƙwaƙwalwa mai shan wat 65, da allo, da sauran tarkace, duka ba za su wuce wat 300 ba ko ana tsakiyar aiki. Irin wannan inji faifan sola kaɗan da inbata da batura za su riƙe shi sa'o'i 4 na yamma. Ƙaton kuwa sai janareta, janareta sai fetur, fetur kuma kowa ya san yadda kuɗinsa ya koma tun da aka janye tallafi a watan Mayu 2023. Injin da ba a iya kunnawa sai ranar da shugaban makaranta zai kawo baƙi, ado ne kawai.

Har wa yau, wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, wani sa'i ta zo da rauni wani sa'i da hauka, ita ce ajalin kwamfuta. Kafin a biya kuɗin inji ko ɗaya, a ware na sitabilaiza da UPS, a kuma tabbata an binne wayar ƙasa a ginin saboda tsawar damina. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar shi ma kada a yi masa rowa. Shi ne abin da masu haɗa inji suka fi sa na banza a ciki, domin mai saye ba ya dubawa, alhali in ya ƙone yakan tafi da maƙwabtansa.

Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasarmu yana wuce awo 40. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta yi zafi ainun rage gudunta take yi da kanta don kada ta ƙone, sai a ga inji mai tsada yana tafiya kamar na araha. Da hunturu kuma ƙura takan toshe fankoki da raga. Saboda haka a zaɓi kwamfutar tebur mai faffaɗan gida, mai fankoki gaba da baya, mai ragar da ake cirewa a wanke. A ɗora ta a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa, a rufe ta da ƙyalle in an gama, a busa mata iska kowane wata. Kwamfutar hannu tana da daɗin batir, amma cikinta a matse yake, zafi yana cin ta da wuri, kuma in katin hotonta ya mutu ba a canja shi. Ga ɗakin da mutum 50 za su riƙa shiga, ta tebur ce daidai.

Manhaja kafin ƙarfe

Kuskure ne a sayi inji sa'an nan a tambayi abin da za a sa masa. Manhajoji 3 ne suka shahara. Akwai Microsoft Flight Simulator, wadda asalinta ya faro tun 1982. Fitowarta ta 2020 ta zana duniya duka daga hotunan tauraron ɗan'adam da suka kai kimanin gigabait miliyan 2, abin da ba rumbun da zai ɗauka, don haka ta intanet take jawo ƙasar da mutum ke bi ta kanta. Fitowar 2024 ta daɗa dogara ga intanet: kamfanin ya ce mafi ƙarancin abin da take so shi ne ram gigabait 16 da layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, ya kuma ba da shawarar gigabait 32 da megabit 50. Kyau kam tana da shi. Amma mu da muka ga watan Satumba 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya har makonni, wasu wuraren ma watanni, mun san abin da ake nufi da jingina karatu ga intanet. Ko layin yana nan, wa zai riƙa biyan kuɗin data?

Ta biyu ita ce X-Plane ta kamfanin Laminar Research, wadda kashi na 12 nata ya fito a ƙarshen 2022. Ita lissafa ƙarfin iska take yi a kan kowane yanki na fiffike, shi ya sa malaman injiniya ke son ta, taswirarta kuma a cikin rumbun kwamfutar take zaune. Ta uku ita ce FlightGear, wadda masu sa kai suke ginawa tun wajen 1997. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da na Jami'ar Jihar Zamfara, dukansu a Talata Mafara, domin za su iya zana filin jirgi ko su sauya halin fiffike su ga abin da zai faru. Shawararmu ita ce a sa FlightGear a kowane inji, a sayi X-Plane ga guda ɗaya ko biyu, a bar ta Microsoft sai ranar da layi ya wadata.

Kayan ciki

Yanzu sai mu buɗe cikin injin. Wasan jirgi ya bambanta da sauran wasanni, domin aikinsa mai nauyi lissafi ne: iska, da inji, da agoguna, da sauran jiragen da ke sama. Yawancin wannan lissafi a jere yake tafiya, wani bayan wani, saboda haka ƙwaƙwalwa mai ɗakuna 6 masu sauri ta fi mai ɗakuna 16 marasa sauri amfani a nan. Masu wannan wasa sun daɗe da gane cewa ƙwaƙwalwan AMD masu X3D a ƙarshen sunansu, irin Ryzen 7 5800X3D ta 2022, suna yin fice saboda babban ma'ajin gaggawa da ke jikinsu. In kuɗi bai kai nan ba, Ryzen 5 ko Core i5 na 'yan shekarun nan sun isa.

Ram kada ya gaza gigabait 16, a sa shi sanda biyu, a kuma zaɓi allon uwa mai ramuka 4 don a iya kai shi 32 in hali ya yi. Rumbun ajiya ya zama SSD mai gigabait 500 ko 1,000. Tsohon rumbu mai faifai yana sa hoto ya riƙa tsayawa duk sa'ad da jirgi ya shiga sabuwar ƙasa.

Katin hoto shi ne inda kwaɗayi ke kama mutane. A tuna cewa girman katin da ake bukata ya danganta ga allon da za a haɗa masa. Allon da ake kira 1080 yana da ɗigo wajen miliyan 2, na 4K yana da wajen miliyan 8, watau aikin katin ya ninka sau 4. In mun haƙura da allon 1080 mai inci 24, kati mai ma'ajin gigabait 8 ya wadatar, RTX 3060 mai gigabait 12 kuwa har da saura. Haka kuma ba a bukatar hotuna 120 a daƙiƙa kamar masu wasan harbi. Majigi ma hotuna 24 yake nunawa a daƙiƙa. Hotuna 30 da ba sa yankewa sun ishi mai koyon sauka, abin da ke ɓata tuƙi shi ne hoto ya tsaya cak ana gab da taɓa ƙasa. In inji ya fara nishi, a rage gajimare da inuwa da yawan gidaje. Ɗalibi ba ya asarar komai na ilmi don bishiyoyin da ke ƙasa ba su fito da ganyensu ba.

Abin da ba za a yi wa tsimi ba shi ne sandar tuƙi. Tuƙa jirgi da madannan rubutu yana koya wa hannu mugun hali. Sanda mai murɗawa, mai maƙunshin mai a gefe, irin Logitech Extreme 3D Pro, kuɗinta kaɗan ne in an gwada da na katin hoto, amfaninta kuwa ya fi na ƙarin ɗigo miliyan 6. A sayi ɗaya ga kowane inji, da ɗaya ta ajiya, inji guda kuma a sa masa fedar ƙafa don masu nisa a karatu.

Wajen saye

Yawancin kayan nan daga Kano ko Ikko za a kawo su, da yawansu kuma na hannu ne. Na hannu ba laifi ba ne, amma a yi hattara. A watan Satumba 2022 aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katin hoto, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Kada a karɓi kati sai an kunna shi a gaban mai kanti, an ba shi aiki mai nauyi na rabin sa'a, an duba zafinsa da ƙarar fankarsa. A karɓi rasit mai lambar kowane ƙarfe, da alkawarin mayarwa a rubuce. A sayi injunan duka iri ɗaya, domin in ɗaya ya mutu kayansa su ceci sauran.

Sa'an nan muna roƙon shugabannin ƙungiya kada su ba da wannan aiki ga ɗan kwangilar da zai kawo akwati a rufe. A kafa kwamiti na ɗaliban injiniya da na kwamfuta, da malami ɗaya, su nemi farashi daga kantuna 3, a manna takardun a allon sanarwa kowa ya gani. Ɗaliban su haɗa injunan da hannunsu. Wanda ya ɗaura kusoshin abu ba ya tsoron kwance shi ranar da ya lalace. A kuma ware kashi ɗaya cikin 10 na kuɗin don gyara, a ajiye littafin da za a riƙa rubuta wanda ya shiga da abin da ya koya, a keɓe wa ɗalibai mata ranakunsu, a gayyaci 'yan sakandare da ɗaliban kwalejin aikin gona ta Bakura a lokacin hutu.

Ku samarin ma'aikata, musamman na ofisoshin saye da na ilmi, ku ne takardun irin wannan ciniki ke bi ta teburinku. In aka kawo muku takarda mai inji guda wanda kuɗinsa ya isa sayen 4, ku tambayi wat nawa yake sha, wa zai gyara shi, ɗalibi nawa zai zauna a gabansa a mako. Lissafin ba wuya: inji ɗaya, sa'o'i 4 a yini, kwana 5, sa'o'i 20 ke nan a mako. Injuna 4 kuwa sa'o'i 80. Ɗalibai 80 za su sami sa'a ɗaya ɗaya a maimakon 20, kuma ranar da guda ya tsaya ɗakin ba zai rufe ba.

Kakanninmu sun ga an kawo musu famfunan da ba su iya gyarawa, ba a tambaye su ba. Mu an ba mu ilmin da za mu yi tambaya, saboda haka in aka maimaita wannan a ɗakin karatunmu, laifin namu ne. Muna kira ga majalisar ƙungiya ta sa wannan magana cikin ajandar zamanta na gaba, a kafa kwamitin, a fara da auna wutar ɗakin da za a keɓe. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu ga 'ya'yan Mafara da Bakura da Maradun a hasumiyar Gusau da kujerar matuƙi, amin.